Agogo ɗaya na tsallen sakan biyu, ɗayan na gudu fiye da kima: wanne zan iya gyarawa da kaina?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana. Agogon hannu biyu ne a gabana, kowanne da tasa matsalar.

Na farko mai batir ne. Hannun sakan ɗinsa ya daina tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗan tsaya sannan ya yi tsallen biyu lokaci guda, amma har yanzu lokacinsa daidai yake. Sannan da safe akan ga ɗan gumi daga cikin gilashin, in rana ta ɗaga ya ɓace. Murfin bayansa sumul yake, babu sukuru, babu tsaga-tsaga a gefe.

Na biyun ba ya amfani da batir, irin mai cin motsin hannu ne, an rubuta 21 jewels a fuskarsa. Da can sakan 15 zuwa 20 yake ƙarawa a rana, amma cikin mako guda ya koma ƙara kusan minti 8. Bai faɗi ba, ruwa bai taɓa shi ba.

Wanne zan iya gyarawa a gida, da waɗanne kayan aiki, kuma ina ne ya kamata in tsaya in kai wa mai gyara?

Mai Gyaran Agogo ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki mai batir ɗin, don shi ne ba ya jira.

Tsallen nan ba lalacewa ba ce, gargaɗi ne da aka gina a cikin injin. Idan ƙarfin batir ya fara sauka, agogon kan haɗa bugu biyu ya sake su tare, don mai shi ya lura. A injinan Seiko da Citizen sakan biyu-biyu ne, a yawancin na kamfanin ETA huɗu-huɗu. Lokaci bai ɓaci ba saboda ba batir ke auna lokaci ba. Ɗan dutsen kwatz ne da ke cikin wani siririn bututun ƙarfe, yana kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya. Lantarkin agogon na raba wannan adadi biyu, ya sake rabawa, har sau 15, sai ya zama bugu ɗaya a kowane sakan, bugun ya shiga kwayil ya juya ɗan ƙaramin moto. Muddin akwai sauran wuta lissafin ba ya kuskure. Amma kwanaki ne suka rage masa, ko 'yan makonni. Kada ka bari ya mutu a ciki ya daɗe, domin mataccen batir yakan yi yoyo, ruwansa ya cinye ƙarfen da ke ɗaukar wuta. In ya kai nan, sabon batir ba zai tashe shi ba.

Kayan aiki kaɗan ne: wuƙar buɗe murfi mai gajeren baki mara kaifi, hantsakin roba, ƙaramin sukundireba na milimita 1 ko 1.2, madubin ƙara girma, kyalle mai laushi wanda ba ya zubar da gashi, da giris na silikon.

Kafin ka buɗe, goge bayan agogon da burushi, musamman layin da murfi ya haɗu da jiki. Dauɗar gumi na taruwa a nan, kuma da zarar murfi ya ɗaga ciki take faɗawa. Kifa agogon a kan kyalle. Bi gefen murfin da madubi, za ka ga wani ɗan leɓe ko ɗan gurbi, galibi kusa da ɗaya daga cikin ƙafafun da ke riƙe maɗauri. Nan kaɗai ake sa wuƙa. Riƙe ta kusa da baki yadda abin da ya fito daga yatsunka bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, ka tura, sannan ka murɗa wuyan hannu kamar mai juya mabuɗi. Kada ka danna ta ciki da ƙarfi. In ta zame ta faɗa, abin da take fara samu shi ne kwayil, wato wannan naɗin jan ƙarfe mai sheƙi da ke gefen inji. Wayarsa ta fi gashin kai siranta, ƙarzane ɗaya ya isa ya yanke ta, kuma ba a ɗinke ta, sai dai a sake kwayil ko injin gaba ɗaya.

Da ka buɗe, ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai. Karanta lambar da ke kan batir. Mafi yawa SR626SW ne, wanda wasu kamfanoni ke rubutawa 377, ko SR621SW wato 364, ko SR920SW wato 371. Lambar girma take faɗa: SR626 faɗinsa milimita 6.8 ne, kaurinsa 2.6, shi kuwa SR621 faɗinsu ɗaya amma kaurinsa 2.1. Shi ya sa ake ruɗewa. Siririn zai shiga gurbin mai kauri ya riƙa motsi, agogo na tsayawa yana tashi. Mai kaurin kuma in aka tilasta shi a gurbin siriri, murfi zai danne shi a kan inji.

Sayi mai SR, kada ka karɓi mai LR ko da girmansu ɗaya. SR na sinadarin azurfa ne, bolt 1.55 yake bayarwa kuma yana riƙe shi daram har kusan ƙarshen ransa, shekara 2 zuwa 3 a yawancin agogo. LR alkalin ne, ƙarfinsa sauka yake yi a hankali tun daga farko, kuma ya fi saurin yoyo.

Batirin na zaune ne ƙarƙashin ɗan harshen ƙarfe mai tsalle, ko wata 'yar maɗauri mai sukuru. In harshe ne, ture shi gefe kaɗan, batir zai ɗago da kansa. In sukuru ne, sassauta shi kawai, kada ka cire shi duka, don in ya yi tsalle ba ka ƙara ganinsa. A ƙarƙashin batir akwai wata 'yar takardar roba, sau da yawa ja ko ruwan lemo, mai raba wuta. Kada ta bi tsohon batir ta tafi. Ɗauki sabon da hantsakin roba. Na ƙarfe yana haɗa sama da ƙasa ya zuƙe shi, yatsa kuma yana barin maiƙo da gishirin gumi. Fuskar da ke da alamar + ita ke kallonka. Juya agogon ka ga hannun sakan na tafiya ɗaya-ɗaya kafin ka rufe.

Sai zancen gumin gilashi, wanda ya fi batir muhimmanci. Danshi ya riga ya shiga, kuma ɓacewar da yake yi da rana ba fita ba ce, komawa yake cikin iskar da ke ciki. Tun da murfi a buɗe yake, sake cire batir ka bar shi a waje, ja kan saiti (wato ɗan maɓallin gefe da ake murzawa a saita lokaci) waje, ka sa agogon cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi ko na kayan lantarki, ya kwana biyu. Sannan duba zoben robar da ke zagaye da murfi. In ya baje, ya bushe, ya tsage, ko ya miƙe har ba ya zama a gurbinsa, a sake shi da mai girmansa daidai. In lafiyarsa ƙalau, shafa masa silikon kaɗan, iya abin da zai sa ya yi sheƙi.

Tsohon Makaniki ya rubuta:

Bayanin da ya gabata ya wadatar a kan mai batir. Na biyun kuwa, Malam, ina roƙonka kada ka buɗe shi tukuna. Agogon da ya tashi daga sakan 20 zuwa minti 8 cikin mako guda, ba faɗuwa ba ruwa, abin da ake fara zargi shi ne maganaɗisu, kuma ana magance shi murfi na rufe.

Ga yadda abin yake. A cikin irin wannan agogo akwai babban sifirin a naɗe cikin ɗan gwangwani mai haƙora. Farantin nan mai siffar rabin wata da ke lilo a baya shi ke ɗaure shi duk lokacin da hannunka ya motsa, kuma in ya cika yakan kai awa 40 ko kusa da haka. Ƙarfinsa na bi ta jerin wili masu haƙora har ya isa wili na ƙarshe mai haƙora kamar ƙugiya. A nan akwai wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ke tare shi, ya saki haƙori ɗaya, ya sake tarewa. Ƙarar "tik-tik" ɗin ke nan. Mai ba wannan ɗan ƙarfe umarni shi ne wilin lilo, wanda ke kai da komowa a kan wani sifirin siriri kamar gashi, a naɗe kamar katantanwa. Tsawon wannan sifirin shi ne lokaci. In ya gajarta agogo ya yi sauri, in ya tsawaita ya yi jinkiri.

Injinan da aka fi samu masu duwatsu 21, wato 21 jewels ɗin da ka gani a rubuce, kamar Seiko 7S26 da Miyota 8215, bugu 21,600 suke yi a awa, wato 6 a sakan, 518,400 a yini. Duwatsun kuwa yaƙutu ne na masana'anta, an dasa su ne inda ƙafafun wili ke juyawa don rage gogayya da riƙe mai, ba don ado ba. Saboda haka sakan 15 zuwa 20 da yake ƙarawa da can ba ciwo ba ne ga irin wannan inji. Agogon da hukumar COSC ta Suwizalan ke ba shaida ma an yarda ya rage sakan 4 ko ya ƙara 6 a rana.

To idan maganaɗisu ya kama sifirin gashin, sai zagayensa biyu ko uku su manne da juna. Sashen da ya manne ya fita daga aiki, sifirin ya zama gajere, agogo ya kama gudu. Inda ake ɗauko shi: lasifika, murfin waya ko na kwamfutar hannu mai mannewa, maɓallin jaka, bakin ƙofar firiji, faifan cajin waya mara igiya. Ka tuna inda kake ajiye shi da dare a makon nan.

Gwajin da kamfas ake yi, na allura. Ajiye shi a kan teburin katako har allurar ta natsu, sannan ka kawo agogon kusa a hankali, kana jujjuya shi. Ɗan motsi kaɗan ba komai ba ne, akwai ƙarfe a ciki. In allurar ta yi wani juyi mai ƙarfi tana bin agogon, an kama ɓarawo.

Maganinsa ƙaramar na'urar cire maganaɗisu ce, 'yar akwati mai maɓalli ɗaya da ake sawa a wuta. Ɗora agogon a kai, danna maɓallin ka riƙe, ka ɗaga agogon sama sannu a hankali cikin sakan 5 ko 6 har ya kai tsawon hannunka, sai a lokacin ka saki maɓalli. Jerin nan shi ne duk aikin. In ka saki maɓalli agogo na kan na'urar, ƙara masa maganaɗisu ka yi. Juya shi kwata, ka maimaita sau biyu ko uku, ka sake gwadawa da kamfas. Kada ka riƙe maɓallin fiye da sakan 10 a jere, tana zafi. Kuma kada ka ɗora mai batir a kanta, don motonsa da kansa maganaɗisu ne.

In an yi haka kuma bai daina gudu ba, saura dalili biyu: ko ɗigon mai ya gangaro ya manne zagayen sifirin, ko sifirin ya hau kan wani abu ya maƙale. Duka biyun aikin mai gyara ne.

Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne ɗan hannun saiti da ke kan wilin lilo, mai alamar + da −. Mutum na ganinsa sai ya ce ai ga maganin gudu. Wannan na gyaran sakanni ne, turi mai kaurin gashi ɗaya na iya canza sakan da yawa a rana, kuma sifirin gashin na nan ƙarƙashinsa tsirara. Sukundireba ya zame sau ɗaya, garin neman gira an rasa ido. Ga shi kuma akwai wani hannu na biyu dab da shi mai riƙe ƙarshen sifirin, wanda in aka ture shi bugun hagu da na dama su daina daidaita, ba kuma a gane hakan sai da na'urar auna bugu.

Sabon Hannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An gwada da kamfas, allurar ta juya kusan rabi. Sauran tambayoyi uku. A bayan mai batir an rubuta 30M, ashe ba yana nufin zai iya shiga ruwa mai zurfin mita 30 ba? Na biyu, tun da agogon mara batir ya kai shekara shida ba a taɓa shi ba, zan iya ɗiga masa man keken ɗinki kaɗan? Na uku, wani lokaci in na zo canza kwanan wata sai in ji ya yi tauri.

Hantsaki ya rubuta:

Ɗan'uwa, na ukun zan fara da shi, don shi ne zai iya karya maka abu yau ɗin nan. In ka ji tauri, tsaya. Daga wajen ƙarfe 9 na dare zuwa 3 ko 4 na asuba a lokacin agogon, wani ɗan yatsa ya riga ya shiga haƙoran faifan kwanan wata yana tura shi a hankali. In ka murza saitin sauri a wannan tsakanin, abu biyu ne ke ja wa faifai ɗaya, sai yatsan ya lanƙwashe ko haƙori ya karye, kuma a injina da yawa na roba ne. Agogon da ya tsaya ba ka san ko tara ɗin da yake nunawa ta safe ce ko ta dare ba. Saboda haka kullum ja kan saiti zuwa mataki na ƙarshe, kai hannaye ƙarfe 6, dawo mataki na farko ka sa kwanan jiya, sannan ka juya hannaye gaba har kwanan ya faɗa na yau. Nan ka san sha biyun dare ke nan, sai ka ƙirga zuwa lokacin da kake ciki. A cire agogo daga hannu ake wannan, don in yana ɗaure yatsanka kan ɗaga kan saitin sama, sandar da ke ciki ta lanƙwashe.

Man keken ɗinki kuwa a'a, haka man feshi na kwance tsatsa. Duk man da ke cikin injin agogo bai kai ɗigo ɗaya ba, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ruwa-ruwa irin Moebius 9010 na wili masu sauri, akwai mai kauri na masu ɗaukar nauyi, akwai na duwatsun ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu, akwai giris na gwangwanin sifirin. Da bakin allura ake ɗora kowanne a cikin ramin dutsensa, bayan an wargaza injin an wanke shi. Mai da aka ɗiga daga sama malala yake yi, ya kai ga sifirin gashi ya manne shi, ya haɗu da ƙura ya zama kamar sabulun goge ƙarfe yana cin ƙafafun wili. Shekara shida lokacin wanki ne, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 7 ake yi. Alamominsa: ya cika amma bai kai kwana ɗaya a ajiye ba, ko lokacinsa na bambanta sosai daga rana zuwa rana. Ka ce wa mai gyara ya ɗora shi a na'urar auna bugu a gabanka. Lafiyayyen inji a cike, a kwance, lilonsa kan kai digiri 270 ko fiye. In ya sauko kusa da 200, mai ya bushe.

Batun 30M: matsin da aka gwada sabon agogo da shi ne a ɗakin gwaji, ruwa a tsaye, roba sabuwa. A aikace 30M na fantsamar wankin hannu ne da yayyafi. 50M zai jure fiye da haka kaɗan, amma 100M ne farkon abin da za a yi iyo da shi da kwanciyar hankali. Na nutso shi ne mai 200M da ke bin ƙa'idar ISO 6425. Kuma ƙofofin ruwa uku ne, ba ɗaya ba: murfin baya, gefen gilashi, da kan saiti. A nan zan ɗan ƙara a kan maganar Mai Gyaran Agogo. Agogon da ke gumi kullum, sau da yawa ta kan saiti yake sha, don robarsa ce ke gogewa duk lokacin da aka ja ko aka murza. In an sake zoben baya gumi ya dawo, can za a duba. Ruwan zafi da sabulu da turare duk suna tsufar da roba, kuma ba a danna maɓalli ko jan kan saiti agogo na jiƙe. In ruwan teku ne ya shiga, silika ba ta isa ba, a cire batir a kai agogon wurin mai gyara a ranar, tsatsa ba ta kwana.

Sakan 15 zuwa 20 ɗin nan ma ana iya rage su ba tare da an buɗe ba. Agogo ba ya gudu ɗaya a kowane kwanciya. Yawanci in an kwantar da shi fuska sama yakan ɗan ƙara, in an jingine shi a gefe yakan ɗan rage. Gwada kowace kwanciya dare biyu, kana rubuta bambancinsa da agogon waya safe da yamma, sai ka riƙa kwantar da shi a wadda ke cinye abin da ya ƙara da rana.

Mai Gyaran Agogo ya rubuta:

Gaskiyar Hantsaki ce a kan kan saiti. Saura rufewa, wadda ban kai gare ta ba, kuma a nan ake yawan fasa gilashi.

Duba cikin murfin, akwai ɗan gurbi a bakinsa da aka yanke don sandar kan saiti ta wuce. Dole ya zauna daidai kan sandar, in ba haka ba murfi zai danne ta, saiti ya ƙi juyawa. Tabbatar zoben roba na kwance a gurbinsa ko'ina, bai murɗe ba. Riƙe agogon a hannu, manyan yatsu biyu a gefe da gefen murfi, sauran yatsu a kan ƙarfen da ke zagaye da gilashi, ba kan gilashin ba, ka matsa har ka ji "ƙas". In ya ƙi, kada ka kifa shi a tebur ka hau da nauyinka, kada ka sa filaya. Akwai matsi na musamman mai kofunan roba: na ƙasa ya zama mai rami, yana taɓa ƙarfen gefe kawai, na sama kuma ya yi daidai da bakin murfi. Bayan an rufe, ka ɗauka ba ya jure ruwa sai an gwada shi a na'urar matsi.

Ga masu karantawa da nasu agogon daban: in mai lambobi ne irin na Casio, batirinsa galibi litiyam ne mai bolt 3, kamar CR2016 ko CR2025, kuma bayan an sa sabo sai an taɓa wurin da aka rubuta AC da saman batir da hantsakin ƙarfe na sakan biyu, in ba haka ba fuska ta fito babu komai ko da rubutu a hargitse. A kula da 'yan ƙananan sifirin da ke tsaye a gefen injin, su ke kai ƙara ga murfi. In kuma mai cin haske ne kamar Eco-Drive, tsallen sakan biyu na nufin yana son haske, a ajiye shi kusa da taga. Abin da ke cikinsa mai caji ne, kuma sa masa batirin SR haɗari ne, don agogon zai yi ta tura masa caji har ya kumbura ko ya fashe.

Tsohon batirin kuma a naɗe shi da salatif gaba da baya a kawar da shi daga inda yara ke kaiwa. In yaro ya haɗiye irinsa, musamman mai faɗin milimita 20, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, don haka asibiti za a nufa nan take ko da yaron bai nuna alamar komai ba.